Alli da Alƙalami: Waiwaye a Kan Aikin Malamin Sakandare a Arewa

Gabatarwa

A duk lokacin da muka zauna taron karatu, aka ce kowa ya tashi ya gabatar da kansa, ba a rasa wani matashi daga cikin masu zuwa da rubutunsu a hannu da zai ce, "Ina ɗan taɓa koyarwa ne a wata sakandare, kafin Allah ya kawo aiki." Akan yi murmushi a wuce, domin kowa ya san abin da yake nufi. To, amma maganar nan ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya. Mutum ne yake tashi da asuba, ya shiga aji huɗu ko biyar a yini, ya komo gida da tulin littattafan ɗalibai a bayan babur, sa'an nan da bakinsa ya ce ba shi da aiki.

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Abin da muke so mu yi a wannan maƙala shi ne mu bi sawun aikin malamin sakandare a Arewacin Nijeriya, tun daga kafuwarsa har zuwa halin da ya shiga, mu ga yadda ya hau da yadda ya gangaro. Dalilinmu na kawo wannan batu cikin mujallar marubuta kuwa a fili yake: ƙagaggen labarin Hausa na boko a hannun malaman makaranta aka haife shi, su suka rubuta shi, su kuma suka rene masu karanta shi. Duk abin da ya sami malami, ko ba daɗe ko ba jima, sai ya sami littafi. Saboda haka tarihin nan namu ne, ko da wanda bai taɓa riƙe alli ba a cikinmu.

Daga Nassarawa Zuwa Katsina

Kalmar malam ta girmi boko nesa ba kusa ba. Turawa sun iske ƙasar Hausa cike da makarantun allo da na ilimi, sun iske malami mutum ne mai daraja, wanda sarki kan nemi shawararsa, talaka kan kai masa ƙara. Da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano a 1909, cikin abubuwan da ya fara yi har da tara waɗansu malaman zaure ya koya musu rubutun boko da lissafi, don su koma su koyar. Ta nan ne sabon aikin ya gaji tsohon suna. Aka ce da mai koyar da boko malam, ya kuwa ci albarkacin sunan har tsawon shekaru.

Babban tushen aikin shi ne Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta bisa ƙa'ida a watan Maris na 1922. An kafa ta ne musamman don horar da malamai. Akan tsamo yara ƙalilan daga lardunan Arewa, su yi shekara biyar suna karatun Ingilishi da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa, da yamma kuma a fita wasan kurket da fayif. Wanda ya gama sai ya koma lardinsu ya kama aiki. Ginin kwalejin yana nan a Katsina, an mayar da shi gidan adana kayan tarihi. Ita kuwa makarantar an ɗauke ta zuwa Kaduna a 1938, daga nan zuwa Zariya a 1949, ita ce aka raɗa wa suna Kwalejin Barewa a 1971.

Ina waɗannan malamai suke koyarwa? A makarantun midil, waɗanda aka tsara a wajejen 1930, kusan kowane lardi da tasa. Midil makarantar kwana ce da ke tsakanin elementare da kwaleji, a ƙarƙashin En'e take, kuma ita ce daga baya, a shekarun 1950, aka ɗaga ta zama sakandaren lardi. Ke nan malamin midil shi ne kakan malamin sakandaren yau. A zamaninsa, in ka ɗebe Turawa, da wuya a sami wanda ya fi shi ilimin boko a faɗin lardi. Yana da albashi tsayayye a lokacin da yawancin jama'a sai kaka suke ganin kuɗi, yana da keke, yana jin Turanci, yana karanta jarida. Uba ba ya jinkirin ba shi 'ya.

Dubi waɗanda suka bi ta wannan hanya. Ahmadu Bello ya gama Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato har 1934, lokacin da aka naɗa shi hakimin Raba. Kashim Ibrahim ya koyar a Barno. Aliyu, wanda ya zama Makaman Bida, ya koyar a Midil ta Bida har ya shugabance ta. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933 ya koma Midil ta Bauchi. Abubakar Imam ya gama a 1932 ya kama aiki a Midil ta Katsina. Duk cikinsu ba wanda ya ɗauki koyarwa a matsayin zaman jiran aiki, domin a lokacin ita ce aikin.

Gasar 1933 da Haihuwar Ƙagaggen Labari

Matsalar da malaman nan suka fara cin karo da ita a aji ita ce rashin abin karantawa. Yaro ya sha wahala ya iya haɗa baƙi da wasali, amma in ya iya ɗin, ba shi da littafin da zai ja hankalinsa da harshensa. Karatun da ba a maimaita shi kuwa guduwa yake yi. Wannan ne ya sa Rupert East, shugaban Hukumar Talifi da ke Zariya, wanda shi kansa ya taɓa koyarwa a Kwalejin Katsina, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933. Ya zazzaga garuruwa yana zuga masu ilimi su gwada, abin da ba a saba da shi ba, don a wancan lokaci rubutu na addini ne da waƙa da tarihi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce da dare.

Littattafai biyar aka buga daga wannan gasa: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Uku na farko, waɗanda har yau su ne ake fara ambata, duk malaman makaranta ne suka rubuta su. Abubakar Imam yana Midil ta Katsina, yana da shekara 22 kacal. Wansa, Malam Bello Kagara, yana koyarwa a Kwalejin Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa sabon malami ne a Bauchi. Da rana suna aji, da dare suna gaban fitila.

Wanda ya karanta littattafan nan da idon basira zai ga ƙurar alli a jikinsu. Shaihu Umar ya buɗe ne da malami zaune cikin almajiransa, suka tambaye shi asalinsa, shi ne ya warware musu labarin bauta da rabuwa da uwa da ƙetare hamada. Da East ya ga hazaƙar Imam, sai ya aro shi daga aji ya kai shi Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce. A littafi na uku, aku ne ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa dabarun magana da zaman duniya, labari bayan labari, yana yi yana tambayarsa abin da ya fahimta. Wannan kuwa darasi ne sak, an dai yi masa ado ne kawai. Imam ya san inda hankalin ɗan shekara goma sha uku yake gudu, ya san lokacin da za a saka ban dariya, ya san tsawon jimlar da yaro zai iya karantawa da babbar murya ba tare da numfashinsa ya ɗauke ba. Ajin Midil ta Katsina ne ya koya masa wannan.

Haka abin yake a fagen waƙa da wasa. Mu'azu Haɗeja malamin makaranta ne. Shehu Shagari yana malamin kimiyya a Midil ta Sakkwato ya tsara Waƙar Nijeriya a 1948, don yara su haddace garuruwa da koguna da tarihin ƙasarsu cikin sauƙi. Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kaduna yake shirya wasannin kwaikwayo, da ya zama malami kuma ya ci gaba da sa ɗalibansa suna yi a dandali, yana zolayar zalunci da jahilci ta bakinsu.

Ɗakin Malamai Ya Zama Majalisa

A 1942 aka turo Aminu Kano Midil ta Bauchi, ya iske Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a can, a cikin gari kuma ga Sa'adu Zungur. Haɗuwar mutanen nan uku ta haifar da zauren tattaunawa na Bauchi a 1943, inda ma'aikata ke zama su yi muhawara a kan mulkin En'e da haraji da makomar ƙasa, har abin ya fi ƙarfin haƙurin hukuma aka rufe shi. Daga baya aka tura su ƙaro ilimin koyarwa a Jami'ar Landan, Ɓalewa a 1945, Aminu a 1946. Da Aminu ya komo ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, wadda take cikin ƙungiyoyin farko da suka haɗa 'yan bokon lardunan Arewa a inuwa ɗaya.

Ba abin mamaki ba ne siyasar Arewa ta tsiro daga ɗakin malamai. Su ne masu karatu, su ne suka zauna ɗaki ɗaya a Katsina da Kaduna suka san juna daga Barno har Ilori, su ne kuma suka saba tsayawa gaban jama'a su yi bayani har a gane. A 1950 Ɓalewa ya gabatar da ƙudurinsa na neman gyaran mulkin En'e a Majalisar Arewa. A shekarar nan dai Aminu Kano, wanda aka mayar Kwalejin Horon Malamai ta Maru, ya ajiye aiki ya rungumi NEPU. Makaman Bida ya zama ministan ilimi na Arewa a 1952, Sardauna ya zama Firimiya a 1954, Maitama Sule ya bar aji a Kano ya tafi majalisar Legas, Ɓalewa ya zama Firayim Minista a 1957, Kashim Ibrahim ya zama Gwamnan Arewa a 1962.

Mukan kawo wannan jerin sunaye don alfahari, kuma ya cancanci alfahari. Sai dai akwai ɗaya gefen da ba mu cika dubawa ba. Duk mutum guda a jerin nan aji ne ya rasa shi. Da aka shiga shirin cike guraben aikin gwamnati da 'yan Arewa gab da samun mulkin kai, ba inda za a samo ma'aikatan sai makaranta. Aka kwashe malamai aka yi di'o-di'o da su, da manyan sakatarori, da jakadu, da hafsoshi. Wannan ita ce kwasa ta farko, kuma sama aka yi da su. A nan ne aka fara kallon koyarwa a matsayin tsani, wanda ake takawa a hau a bar shi jingine. Adabi ma ya ji a jikinsa: Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, bai sake komawa aji ba, Ɓalewa kuwa har aka kashe shi a 1966, Allah ya jiƙansa, bai sake ba mu wani ƙagaggen labari bayan Shaihu Umar ba.

Zamanin Yalwa

Hukuma ta ga giɓin. Kwamitin Ashby, wanda ya miƙa rahotonsa a 1960, ya nuna ƙarancin ƙwararrun malaman sakandare, daga nan aka ɓullo da takardar shaidar malanta ta NCE, mai ɗaukar shekara uku. Aka buɗe Babbar Kwalejin Horon Malamai ta Zariya a 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, ta Kano kuma ta biyo baya. Kafin waɗannan su yaye isassun malamai, sai aka cike ajujuwa da baƙi: 'yan sa kai daga Ingila da Amurka, sa'an nan malaman kwantiragi daga Indiya da Pakistan da Masar da Filifin da Ghana. Dattawanmu da suka yi sakandare a shekarun 1960 da 1970, da wuya ka sami wanda Ba'indiye bai koya masa lissafi ko kimiyya ba. Daga 1973 kuma aka sami ƙarin hannu daga masu bautar ƙasa.

Yana da kyau matasanmu su san yadda aikin yake a wancan zamani. Yawancin sakandare na kwana ne, malami kuma a cikin makaranta yake zaune, a gidan da aka ba shi. Kafin ya shiga aji sai ya rubuta tsarin darasinsa an duba an sa hannu. Yana da rajistar ajinsa, yana da gidan kwanan ɗalibai da yake kula da shi, yana da makon da zai yi tsaron makaranta tun daga ƙararrawar asuba har kashe fitila. Da dare ya zaga firef. Ranar Asabar a yi duba tsabta, da yamma a yi muhawara ko wasan kwaikwayo. Sufeto kan faɗo ba sanarwa ya zauna a bayan aji. Akwai laburare, akwai kuma sa'ar da aka keɓe don shigarsa. A irin wannan wuri ne malamin Hausa kan sa ɗalibai su karanta Magana Jari Ce bi da bi, ya gyara musu karin sauti da tsayawa, ya ba su jigo su rubuta insha'i, ya bi shi da jan biro layi-layi. Da yawa daga cikin manyan marubutanmu, in ka tambaye su wanda ya fara ce musu sun iya rubutu, sunan wani malamin aji za su kama.

Kuɗin man fetur ya ƙara wa aikin armashi na ɗan lokaci. Rahoton Udoji na 1974 ya kawo tsarin matakan albashi daga 1 zuwa 17, mai NCE ya fara daga mataki na 7, mai digiri daga na 8, aka kuma biya ariyas a dunƙule a farkon 1975. Malamai suka sayi babura da rediyo, waɗansu suka ƙara aure. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. An yi tsammanin yara wajen miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3. A shekarar ne aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. A 1977 aka fito da manufar ilimi ta ƙasa, wadda ta ba Hausa da Yarbanci da Ibo gurbi a manhajar sakandare, a shekarar kuma Jihar Kano ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa.

Shekarar 1982

In ana neman shekara guda da za a ce a nan ne tulu ya fara tsagewa, to 1982 ce, domin abubuwa uku ne suka haɗu a cikinta. Na farko, yaran UPE na farko sun gama aji shida, sun yi cincirindo a ƙofar sakandare. Na biyu, a shekarar aka fara aiwatar da tsarin 6-3-3-4, wanda ya raba sakandare gida biyu, ƙarama da babba, ya kuma zo da darussan sana'a masu bukatar injuna da ƙwararru. Na uku, farashin mai ya faɗi, gwamnati ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a watan Afrilu. Wato baƙi sun cika gida a daidai ranar da rumbu ya ƙone.

Jihohi suka shiga buɗe makarantun jeka-ka-dawo barkatai, waɗansu a aron ajujuwan firamare, waɗansu na safe da na yamma a gini ɗaya. Ajin da aka san shi da ɗalibi 30 ko 35 ya ninka, wani wurin ya fi haka. Injunan koyon sana'a da aka sayo daga waje, da yawa sun ruɓe a cikin akwatunansu saboda babu lantarki, babu ɗakin ajiye su, babu mai sarrafa su. A jihohi da dama malamai suka yi watanni ba albashi. Abin da zai ba mai nazarin tarihi tausayi shi ne, a lokacin tsohon malamin Midil ta Sakkwato ne yake shugabancin ƙasa, ko da yake biyan malaman sakandaren jiha haƙƙin jihohi ne.

Korar baƙin haure ta 1983 ta tafi da 'yan Ghana masu yawa, har da masu koyarwa. Da aka shigo da shirin SAP a 1986, naira da ta fi dala daraja a farkon shekarun 1980 ta faɗi zuwa wajen naira 4 a dala ɗaya, kafin 1994 ta kai naira 22 a farashin hukuma. Malaman Indiya da Pakistan suka ga abin da za su aika gida ya zama ba komai, suka tattara nasu ya nasu. 'Yan gida masu digirin lissafi da kimiyya suka tsere banki da kwastan da kamfanoni. Wannan ita ce kwasa ta biyu. Ta farko girma ne ya ja malamai, ta biyu yunwa ce ta kore su. Waɗanda suka rage suka haɗa da noma da tireda da acaɓa. A lokacin ne maganar nan ta cewa ladan malami sai a lahira ta zama abin ba'a, har masu gidajen haya suka riƙa jan ƙafa in sun ji mai nema malamin makaranta ne.

Duk da haka, kada mu manta da abin da malaman wannan mawuyacin zamani suka yi mana. Tsadar takarda ta durƙusar da manyan kamfanonin ɗab'i, har da NNPC ta Zariya wadda ta gaji littattafan su Imam. Amma a daidai lokacin, daga tsakiyar shekarun 1980, sai ga ƙananan littattafan da marubuta ke bugawa da kuɗin aljihunsu sun cika kasuwannin Kano da Kaduna da Sakkwato, abin da waɗansu suka kira adabin kasuwar Kano. Su wa suka rubuta su, su wa kuma suka saye su? Yaran UPE ne da na jeka-ka-dawo, musamman 'yan mata da matan aure, waɗanda wani malami da ke bin bashin albashin wata uku ya koya musu karatun Hausa a aji mai ɗalibi tamanin. An yi ta sukar littattafan nan da rashin bin ƙa'idojin rubutu, sukar kuma tana da gaskiya. Sai dai kuskuren raba kalma da haɗe ta da muke gani a shafukansu hoton ajin da aka fito ne. Malamin da ke da ɗalibai ɗari huɗu ba zai iya bin insha'in kowa da jan biro ba.

Daga 1993 Zuwa Yau

An yi ƙoƙarin gyara ta fuskar doka. A 1993 aka kafa Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, don koyarwa ta zama sana'a mai lasisi kamar aikin likita da lauya. Aka soke tsohuwar takardar Grade II, NCE ta zama mafi ƙarancin shaidar shiga aji. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta ɗaga shekarun ritayar malami zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki. Amma doka ba ta sayen buhun masara. Makarantu masu zaman kansu sun yawaita, da yawansu kuwa abin da suke biyan mai digiri bai kai mafi ƙarancin albashin gwamnati ba, ba fansho, ba giratuti.

Sa'an nan ga wata masifa da magabata ba su san ta ba, wato rashin tsaro. An kashe ɗalibai a Buni Yadi a 2014, an sace na Chibok a shekarar, an kwashe na Ƙanƙara a ƙarshen 2020. A watan Fabrairu na 2021 'yan bindiga suka shiga kwalejin kimiyya ta Kagara a Jihar Neja, suka kashe ɗalibi guda, suka tafi da ɗalibai da ma'aikatan makaranta da iyalansu. Kagara kuwa ita ce mahaifar Abubakar Imam da Malam Bello. Garin da ya ba mu marubutan Ruwan Bagaja da Ganɗoki, a nan aka kora malamai daji da ƙafa. Wanda ya kwana a gidan malamai na makarantar ƙauye a irin wannan zamani, ya tashi ya shiga aji, ya wuce a kira shi mai jiran aiki.

Kammalawa

Abin da tarihin nan ya nuna mana shi ne, sau biyu ana kwashe ɗakin malamai, kuma kowane karo adabi ya biya diyya. Mu marubuta mukan yi kukan cewa ba a sayen littafi, mu ɗora laifin a kan finafinai da wayar hannu da tsadar takarda. Duk suna da nasu kason. Amma ba a haihuwar mutum da son karatu. Wani ne yake dasa masa shi, galibi tsakanin shekara goma sha biyu zuwa goma sha takwas, galibi kuma a aji. In ba a dasa a lokacin ba, duk kyan littafinmu a kan kanta zai tsufa.

Saboda haka muna da magana biyu. Ta farko ga 'yan'uwanmu matasa da ke koyarwa. Ba mu ce ku yi shiru a kan haƙƙinku ba, ba mu kuma ce wanda ya sami abin da ya fi ya ƙi tafiya ba, kowa ya san nauyin gidansa. Abin da muke cewa shi ne, muddin kuna ciki, ku san kujerar wa kuke kai. Kuna da abin da sauran marubuta ke nema ido rufe: masu sauraro arba'in ko fiye, kullum, waɗanda ba su iya munafunci ba. Ku karanta musu abin da kuka rubuta. Inda suka yi hamma ku yanke, inda suka yi tsit ku riƙe. Ku keɓe ko da minti goma a mako don karatu da babbar murya, ku duba insha'in ko da mutum biyar ne da kyau, wani makon wasu biyar.

Ta biyu gare mu duka. Kowane reshe na ƙungiya yana da sakandare a kusa da shi, kowace sakandare kuma tana da malamin Hausa ko na adabi da ba wanda ya taɓa gayyatarsa taron karatu. Mu je mu same shi, mu kai masa littattafanmu kyauta, mu taya shi tayar da ƙungiyar marubuta ta ɗalibai, mu sa bakinmu in ana maganar albashinsa da tsaron makarantarsa. Rupert East da ya tashi neman marubuta a 1933, makarantu ya nufa, ya kuwa samu. In mun koma can, ba za mu dawo hannu rabbana ba.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya saka wa waɗanda ke raye da alheri tun a nan duniya, amin.